Alli a bakin titi: yadda wata unguwa a Tawa ta nemo hanyar tuna matattunta

Unguwar da mutanenta

Unguwar tana gefen birnin Tawa na ƙasar Nijar, daidai inda gidajen siminti suke ƙarewa na laka su karɓa. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma sunayen mutanen da abin ya shafa, domin wasunsu har yau ciwon bai bar su ba. Yawancin mazauna Adarawa ne. Magidanta da yawa suna can cin rani a Abijan ko Libiya, mata da tsofaffi ke riƙe da gidaje. Akwai gidajen Fulani da suka daɗe a wurin, matansu na tallar nono, mazansu na kiwon bisashen mutanen gari. Akwai Abzinawa ƙalilan, maƙera da masu aikin fata, sai ma'aikata Zabarmawa da aikin gwamnati ya kawo.

A 2017, shekarar da Tawa ta karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba, an yi wa garin gyare-gyare a ƙarƙashin shirin Tawa Sakola. Ɗaya daga cikin titunan da aka shimfiɗa ya bi ta gaban lakwal ɗin unguwar, wato makarantar boko. Tsakanin katangar lakwal da titin aka bar daɓen siminti mai tsawon wajen mita 40 da faɗin mita 2. Nan mata ke kasa ƙosai da safe, nan yara ke jiran a buɗe ƙofa, kuma a ƙarshensa wata fadar samari take dafa shayinta. Duk abin da ya biyo baya a kan wannan daɓen ya faru.

Maris zuwa Disamba 2021: yadda abin ya soma

Ranar Lahadi 21 ga Maris 2021, mahara bisa babura suka afka wa ƙauyukan Intazayan, Bakorat da Wistan a yankin Tiliya, arewacin jihar Tawa. Gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137, ta kuma sa zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Yankin dama yana ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017. Cikin watannin da suka biyo baya wasu iyalai suka gangaro kudu wurin dangi. Kaɗan daga cikinsu suka sauka a wannan unguwar, a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba, galibinsu mata da yara.

Da farko an karɓe su da hannu biyu. An kai musu hatsi da tabarmi, an yi musu gaisuwa. Abin da ya lalace a hankali shi ne zama da Fulanin unguwar, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Magana ta soma yawo cewa wai maharan danginsu ne. Matan da suka shekara suna sayen nono wurin mace ɗaya suka daina. A bakin famfo, bokitin Bafulatana sai ya riƙa komawa baya a layi. Babu wanda ya fito fili ya faɗi komai, amma yara suna jin abin da ake faɗa a ɗaka, su kuma ba su iya ɓoyo ba.

Da aka koma lakwal a Oktoba, sai zane-zanen gawayi suka bayyana a jikin katanga: babura, bindigogi, mutane kwance. Darakta ya sa a wanke. Kwana biyu suka dawo. Ya kama yara uku ya hore su, zanen ya koma bayan makewayi. Wani mushe, wato malamin lakwal, mai koyar da aji biyar ya lura da cewa masu zanen ba fitinannun yara ba ne. Yaran da suka fi kowa shiru a aji ne, waɗanda suka zo daga arewa kuma Hausarsu ba ta nuna ba tukuna.

A Disamba aka jefi wani yaro Bafulatani da dutse a hanyar komawa gida, sai da aka yi masa ɗinki a goshi. Ubansa bai kai ƙara ba. Ya janye ƴaƴansa uku daga lakwal, ya ce kiwo ya fi musu kwanciyar hankali.

Janairu da Fabrairu 2022: taro da fenti

Mai unguwa ya kira taron wayar da kai. An kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗauko lasifika. Aka yi jawabai da Faransanci da Hausa a kan haƙuri da zaman tare. Matan da suka zo daga arewa, waɗanda Tamajak, harshen Abzinawa, suke ji, sun zauna can nesa bisa tabarma, ba wanda ya fassara musu. Daga gidajen Fulani tsoho ɗaya ne ya zo, bai ce uffan ba har aka tashi. Washegari layin famfo yana nan yadda yake.

Sai samarin fada suka kawo tasu dabarar. A cikinsu akwai mai zana allunan shaguna. Suka yi karo-karo suka sayi fenti, ya zana babbar kurciya fara a jikin katangar lakwal, da reshen zaitun a bakinta, a ƙasa ya rubuta kalmar zaman lafiya da Faransanci. Aikin ya yi kyau, masu wucewa bisa kabu-kabu suna tsayawa su ɗauki hoto. Kafin sati biyu wani ya kankare kan kurciyar da dare. Wasu suka ce masu ƙyamar zanen abu mai rai ne, wasu suka ce ɓarna ce ta yara. Zanen gawayi kuwa bai tsaya ba, ya dai matsa gefe ya bar wa kurciyar wurinta.

21 ga Maris 2022: sunaye a ƙasa

Mushen nan na aji biyar yana zama a fadar wani lokaci. A nan aka nuna masa hotuna a waya: dandalin tsakiyar birnin Burusel na ƙasar Beljiyam bayan hare-haren 22 ga Maris 2016, inda mutane suka cika ƙasa da rubutun alli na ta'aziyya da kiran zaman lafiya. Wani ɗalibin jami'ar Tawa ya ƙara musu da labarin birnin Niyok na Amurka, inda tun 2004 ake fita kowace shekara a rubuta da alli, a ƙofar gidajen da suka zauna, sunayen ma'aikata 146 da gobarar wata masana'antar ɗinki ta kashe ranar 25 ga Maris 1911. Shawara ta tsaya a kan cewa ranar cikar shekara ɗaya da harin Tiliya za a rubuta sunayen mamatan iyalan unguwar a bisa daɓen, kowa ya gani, kowa ya ji tausayi.

Alli ba shi da tsada, kuma mushe ya san inda ake samunsa kwali-kwali. Kowane ɗan fada ya ba da dala ashirin. Sunayen kuwa daga bakin yara aka tattaro su a aji. Ba a tambayi uwayensu ba, ba a gaya wa liman ba, mai unguwa ma labari ya ji daga baya.

Bayan sallar asuba ranar Litinin ɗin suka rubuta sunaye ashirin da ƴan kai da manyan baƙaƙen boko, kowanne da da'ira kewaye da shi. Ƙarfe takwas ba ta yi ba ɗalibai suka fara tururuwa ta kai. Awaki suka bi, amalanken mai ruwa ya bi. A cikin sunayen akwai Muhammadu, akwai Abdullahi, akwai Abdurrahman. Wata mata ta rako ɗiyarta, yarinyar ta nuna mata ƙasa ta ce ga sunan baba. Matar ta tsuguna tana share rubutun da gefen mayafinta tana kuka, mutane suka taru.

Liman ya iso, ya dubi ƙasa, ya dubi mushe. Abin da ya ce gajere ne: "Mushe, wanga suna da kuka sa ƙasa, sunan wa ke cikinai?" Mushe ya ce, "Allah gafarta malam, alheri muka nufa." Liman ya ce ya sani, amma a kawo ruwa. Kafin azahar an wanke daɓen tas.

Akwai ɓarna ta biyu wadda ba ta fito ba sai bayan kwanaki. A gidajen Fulani an karanta abin a matsayin tuhuma da aka shimfiɗa musu a hanya. Su ma suna da nasu da suka mutu a daji, wasu a hannun maharan nan, wasu saboda zargi kawai, kuma babu sunan ko ɗaya a wurin. Matan da suka rasa mazajensu suka daina rako yara ƙofar lakwal. Darakta ya ja wa mushe kunne. Mai unguwa ya ce kada a sake taɓa daɓen sai da saninsa.

Afrilu zuwa Satumba 2022: bin gida-gida

Azumi ya kama a farkon Afrilu. Mushe ya so ya je ba da haƙuri, amma namiji baƙo ba ya faɗawa gidan matan da mazajensu suka rasu. Wata malama abokiyar aikinsa ta ɗauki nauyin, ta nemi rakiyar wata tsohuwa Ba'abziniya mai aikin fata wadda ta shekara fiye da talatin a unguwar, tana jin Tamajak da Hausa, kowa yana kiranta Inna. Suka riƙa shiga gida-gida gab da shan ruwa, da ɗan sukari da dabino a ƙulle. Ba su je da wata shawara ba. Haƙuri suka je bayarwa, sauran lokacin suka saurara.

Abin da suka jiyo ya sha bamban da abin da fada ta zata. Babu macen da ta ce a manta da mijinta. Wata ta ce wa malamar, "Ɗiyata, mamaci addu'a yake so da sadaka, mi zai yi da kallon masu wucewa?" A al'adarmu ko kabari ba kasafai ake rubuta masa suna ba, dangi ne suka san wurin, su suke riƙe da shi. Sunan mamaci na iyalinsa ne, su ke da ikon furta shi a inda suka ga dama. Wata kuma ta kawo maganar da ba wanda ya yi tunaninta a fada: rubuta sunan mijinta a bakin titi sanarwa ce ga duk mai wucewa cewa iyalin wane suna nan unguwar. Ta gudo ne don kada a san inda take.

Wurin Fulani mushe ya je da kansa, tare da ɗaya daga cikin samarin. Tsohon nan da ya yi shiru a taro ya karɓe su. Ya ce ba ya jayayya da baƙin cikin kowa, amma a unguwar nan an maida mutuwa gida biyu: wadda ake yi wa gaisuwa da wadda ake kawar wa kai. Ya lissafa musu mutum huɗu na zuriyarsa da aka rasa cikin shekara biyu, ya ce ko mutum ɗaya daga maƙwabta bai tako ya ce Allah ya jiƙansu ba. Mushe ya kai wannan magana ga liman, kuma a satin liman da mai unguwa suka je suka yi gaisuwar da aka daɗe ba a yi ba.

A zaman da aka yi bayan Sallah, liman ya fayyace matsayinsa. Ba ya hana yara zane. Sunan Allah, aya da sunan mutum ne ba za su sauka inda ƙafa ke takawa ba. Shi ne kuma ya tuna musu da allon makarantar allo: almajiri yana rubuta abu mafi tsarki a kai, ya karanta, ya wanke a wuri mai tsabta, ba wanda ya ce an wulaƙanta rubutun. Aka bar maganar a nan.

Damina ta sauka, yara suka tafi gona. Ɗalibin jami'ar ya kawo shawarar a yi wani abu ranar 21 ga Satumba, ranar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba a yi ba: lakwal tana rufe, ruwa bai ɗauke ba, hankalin kowa yana kan girbi.

Oktoba 2022 zuwa Fabrairu 2023: yammacin Asabar

Da aka koma lakwal, mai unguwa ya sanar da ma'aikatar magajin gari, ya ba da izini bisa sharaɗin liman. Aka tsayar da kowace Asabar bayan la'asar. Samarin fada suna share daɓen, su ja layi su raba shi gida-gida, kowane gida mita ɗaya. Yara biyu ke shiga gida ɗaya, kuma ƙuri'a ke haɗa su, ba zaɓi ba. Malamar ce ta kawo wata ƴar dabara: kowane gida launi ɗaya ake ba shi. Mai son ja a hannunsa shuɗi, dole ya tashi ya je ya roƙa wurin maƙwabci. A Asabar ta farko yara ba su kai ashirin ba, kuma ba ɗan Fulani ko ɗaya.

Bindigogi da babura suka dawo, wannan karon da alli, a gaban kowa. Wasu samari suka so gogewa. Mushe ya hana. Yakan tsuguna kusa da yaron ya tambaye shi mene ne wannan, wane ne wannan, sannan ya ce masa: kafin baburan su zo, me ke wurin? Wani yaro da ya yi sati uku yana zana abu ɗaya, a na huɗu ya zana rijiya da guga da bukkar fata a gefen baburan. A na shida baburan sun koma ƴan ƙanana a lungu. Wannan ba magani ba ne irin na likita, kuma akwai yarinya ɗaya da mafarkin tsoro bai sake ta ba sai da aka kai ta asibiti. Amma yaran sun samu inda za su ajiye abin da ke cinsu ba tare da bulala ta biyo baya ba.

Maganar zanen abu mai rai ta sake tasowa da yara suka fara zana raƙuma da shanu. Liman ya ce wasan yara ne wanda iska za ta share, bai ga abin tada hankali ba. Iyaye biyu ba su gamsu ba, aka bar ƴaƴansu suna zana itatuwa da ado kawai.

Ado ne ya jawo manya. Inna ta zo kallo wata Asabar, ta ga wata jikarta tana ƙoƙarin kwaikwayon zanen matashin fata, ta karɓi allin ta gyara mata. Mako na gaba ta zo da ƙawayenta biyu. Wata mai ƙunshi ta cika gida guda da zanen lalle. Wani maƙeri ya zana irin sarƙar azurfar nan ta Abzinawa da ake kira da sunan Tawa, mai zanen fada ya ja dagi a gefenta. A watan Disamba wata Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta tana kallo, malamar ta roƙe ta ta bari yara su kwafi sassaƙar jikin ƙwaryar. Ta zauna har magariba tana nuna musu inda suka karkace. Asabar ta gaba ta zo da ƴaƴanta.

Akwai wani ma'aikaci Bazabarme da wani mai shago Bagobiri da suka maida wurin fagen wasansu na taubasai, kowa yana kushe zanen ɗan'uwansa yana cewa bawansa ne, yara suna dariya. Wannan wasa gadonmu ne, hukumar UNESCO ma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2014. Ya sassauta wurin ƙwarai. Sai dai ba shi ya taɓa asalin matsalar ba, domin waɗanda zargi ya shiga tsakaninsu a unguwar ba a fagen wasa suke ba a lokacin.

Hunturu ya kawo gwaji na ƙarshe da bai yi ba. Iska da ƙura suna share zanen kafin Talata, abin yana ɓata wa samarin rai. Mai zanen ya jiƙa ƙaro ya yayyafa a kan gidaje shida da suka fi kyau don su daɗe. Sun kuwa daɗe, kusan sati uku. A cikin sati ukun nan aka yi rigimar da ba a taɓa yi ba a wurin: me ya sa na wane aka tsare, na ɗana aka bari? An ƙirga gidajen shida an ga na ƙabila kaza sun fi yawa. Yaran da aka tsare zanensu suka hana kowa taka wurin. Mai unguwa ya sa aka wanke da burushi, aka koma barin iska ta yi aikinta.

Maris da Afrilu 2023: allo a ciki, alli a waje

Da ranar ta sake matsowa, Inna da malamar suka koma gida-gida da tambaya ɗaya: kuna so a yi wani abu, ko a bari? Yawanci suka ce a yi addu'a. A wannan zagayen ne matan Adarawa suka shigo da tasu buƙatar. Wata ta ce ɗanta ya kama hanyar Libiya shekara biyar ke nan, abokan tafiyarsa sun ce hamada ta cinye shi, ba gawa ba kabari. Shin shi ba ya cikin waɗanda za a tuna? Aka ce yana ciki. Daga nan taron ya tashi daga na harin Tiliya kaɗai ya zama na duk wanda unguwar ta rasa ba ta binne da hannunta ba.

Ranar Talata 21 ga Maris 2023, ana gab da shiga azumi, aka shimfiɗa tabarmi a cikin harabar lakwal bayan la'asar, maza gefe mata gefe. An aro alluna daga makarantar liman. Duk iyalin da suka so sun karɓi allo suka rubuta sunan nasu da hannunsu, ko suka sa wanda suka yarda da shi: wasu da ajami, wasu da tifinag, rubutun Abzinawa, wasu da boko. Allon yana kan cinyar mai shi, ba a ɗaga wa kowa ba, ba a karanta suna a lasifika ba. Matar da ta ce ta gudo ne don kada a san inda take ta karɓi allo ta riƙe shi ba rubutu. Tsohon Bafulatanin ya zo da alluna biyu. Liman ya ja addu'a ga duk waɗanda ke bisa allunan da waɗanda ke cikin zukata, aka shafa, aka raba sadakar masa da fura. Aka wanke allunan a cikin kwano ɗaya, aka zuba ruwan a gindin dogon yaron da ke tsakar lakwal, inda ba a takawa.

A waje, jikin katanga, inda aka shafe tsohuwar kurciyar da farar ƙasa, kowane iyali ya sa yaro ya ɗora tafin hannunsa aka zagaye da alli, hannu ɗaya don mutum ɗaya. Ba suna, ba alamar ƙabila, ba a kuma sanar da adadi ba. Daɓen ƙasa aka bar wa ado da rijiyoyi da itatuwa.

Ranar 24 ga Afrilu, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, ita ce ranar haɗin kan ƴan ƙasa, wadda ake tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa, kuma Cintabaraden ta jihar Tawa ce ta saba karɓar bikinta. Saboda zafin bazara aka fito tun da sanyin safiya. A ranar ne aka cika mita 40 ɗin daga farko har ƙarshe, karo na farko.

Daga Yuli 2023 zuwa 2024

Uban yaron da aka jefa ya maido da biyu daga cikin ƴaƴansa uku lakwal. Babban ya riga ya saba da kiwo, bai dawo ba. Tallar nono ta koma gidajen da ta saba shiga, ban da ƴan kaɗan. Rigimar layin famfo ta ragu har mai unguwa ya daina aika wakili. Zanen bindiga da gawayi ya zama abin da ake gani jefi-jefi.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakoki da ya biyo baya, kaya suka yi tsada, karo-karon fada ya yi rauni. Mata suka koma ga abin da suka sani: farar ƙasa, jar ƙasa, gawayi da shuni. A Oktoba aka canza wa mushe wurin aiki. Zaman kowace Asabar ya koma sau ɗaya a wata, kuma malamar da Inna da mai tallar nonon ne suke riƙe da shi. A Maris 2024 ranar ta faɗo cikin azumi, aka yi addu'ar allunan da dare bayan asham. Akwai gidaje uku da ba su taɓa zuwa ba, biyu daga cikin waɗanda suka zo daga arewa, ɗaya na Fulani. Ana aika musu da sadakar, suna karɓa.

Abin da na gani a ciki

Taro da kurciya sun faɗi ta hanya ɗaya: an yi su ne don mutane, ba tare da su ba, da harshe da alamar da ba nasu ba. Reshen zaitun ba ya gaya wa matar Azawak, yankin arewacin Tawa, komai, sassaƙar ƙwarya da zanen matashin fata kuwa tana ganinsu ta san hannun da ya yi su.

Rubutun sunaye na 2022 ya fi su muni, duk da kyakkyawar niyyar masu shi, kuma ina ganin a nan ne duk mai son kwaikwayon irin wannan aiki ya kamata ya tsaya ya duba. A Niyok rubuta suna a ƙasa girmamawa ce, haka ma rubutun ta'aziyya a Burusel. A Tawa ƙasa wurin takawa ce, sunayenmu da yawa suna ɗauke da sunan Allah ko na Manzonsa, kuma inda rikici bai ƙare ba jerin sunaye yana iya jefa masu rai cikin haɗari. Sannan duk jerin da aka rubuta yana da wanda aka bari a waje, wanda aka barin kuwa shi ya fi kowa karanta shi.

Ban yarda cewa alli ne ya sasanta unguwar ba. Gaisuwar da liman da mai unguwa suka kai gidan tsohon Bafulatanin, da watannin da mata biyu suka yi suna shiga ɗaki-ɗaki, su suka buɗe ƙofar. Amfanin alli shi ne ya ba mutane dalilin haɗuwa wanda ba ya buƙatar kowa ya yi jawabi ko ya amsa laifi. Ka tsuguna kusa da wanda kake zargi, ka roƙe shi jan alli, ya miƙo maka. Gogewarsa ma, wadda samarin suka ɗauka aibi ce, ita ta riƙe aikin: abin da iska za ta share kafin Talata ba wanda zai ce nasa ne, kuma dole a dawo Asabar a sake. Sati ukun da ƙaro ya tsare gidaje shida sun nuna abin da zai faru da an yi shi da fenti.

Rauninsa kuma a fili yake. Aikin yana rataye a wuyan mutum uku, ɗaya tsohuwa ce, ɗaya kuma ma'aikaciya ce da za a iya canza wa wuri kamar yadda aka yi wa mushe. Samarin fada da suka fara shi rabinsu sun tafi cin rani. Arewacin jihar bai kwanta ba, kuma sababbin iyalai suna ci gaba da sauka a kangayen gefen unguwar, waɗanda ba su san yarjejeniyar da aka yi da liman ba, ba kuma wanda ya shiga ɗakunansu ya tambaye su abin da suke so.